Neman Ƙarin Albashi: Kwaɗayi Ne Ko Hakki?

A kasuwar Azare ba wanda yake jin kunyar ciniki. Mai akuya zai faɗi kuɗinta, mai saye ya taya, a ce albarka, a ja a saki har a daidaita, sa'an nan a rabu ba tare da kowa ya riƙe ɗan'uwansa a zuci ba. Haka ma a fadamun ƙasar Katagum, ɗan ƙodago ba ya sa fartanya a gona sai an yanke masa kuɗin aikinsa, in bai gamsu ba kuwa ya saɓa fartanyarsa ya yi gaba. Amma mutumin nan da ya iya tsayawa rabin sa'a a kan kuɗin akuya, in aka ce ya shiga wurin wanda yake yi wa aiki ya faɗa masa cewa albashinsa ya daina kai shi ƙarshen wata, sai bakinsa ya yi nauyi. In mai bi ne, nauyin ya zama biyu, gama bayan kunyar da aka rene shi da ita akwai kuma wata murya a cikinsa da take ce masa neman ƙari alama ce ta rashin godiya ga Allah.

A ɗauki misalin wani malami a makarantar kuɗi cikin garin. Yana da mata da 'ya'ya huɗu, suna zaune a gidan haya. An ɗauke shi aiki shekara biyar da suka wuce a kan wani adadi, har yau kuwa adadin nan ne yake karɓa. Mai makarantar dattijo ne a ikkilisiyarsu. Shi ya karɓe shi sa'ad da ya zo garin yana baƙo, shi ya tsaya masa a wurin mai gidan haya, matar dattijon kuma ita ta kwana a asibiti ranar da matar malamin ta haihu. Suna cin Jibin Ubangiji tare. Wata rana da dare, bayan yara sun yi barci, uwargida ta ce, "Maigida, masarar da ta rage ba za ta kai mu Laraba ba. Ba za ka yi wa Baba magana ba?" Shi kuwa ya ce, "Da wane ido zan dube shi, bayan duk abin da ya yi mana?" Aka bar maganar a nan. Irin wannan hira ana yin ta a gidajen masu bi da yawa, a Azare da Jama'are da Misau da ko'ina, kuma galibi a nan take tsayawa.

Kafin a kai ga ayoyi, ya kamata a fara duba lissafi, domin sau da yawa abin da ake kira neman ƙari ba ƙari ba ne. A shekarar 2019, lokacin da aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 30,000, ana sayar da litar fetur naira 145. Wato albashin nan yana iya sayen lita fiye da 200. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashi ya yi ta hawa, har a ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Sabon mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024, bai kai ya sayi lita 70 a wannan farashi ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na shekarar. Duk abin da mota take ɗaukowa ta hanyar Kano zuwa Maiduguri ta sauke a Azare, daga sabulu zuwa magani, ya bi sahun fetur. Saboda haka wanda albashinsa bai motsa ba tun 2019, a gaskiya rage masa aka yi, ko da yake ba wanda ya kira shi ya ce an rage. Takardar kuɗin ita ce dai, amma mudun da take cikawa ya ragu. In irin wannan mutum ya buɗe baki, cewa yake yi a mayar masa da abin da aka yi alkawari da shi tun farko.

Ma'aikatan gwamnati suna da ƙungiyoyin da suke magana a madadinsu, kuma tarihin ƙasar nan ya nuna ba a cika ba su kome ba sai sun nema. Yajin aikin gama-gari na 1945, wanda Michael Imoudu ya yi suna a cikinsa, a kan kuɗin tsadar rayuwa aka yi shi, ya kuma wuce kwana 40. Mafi ƙarancin albashi na naira 125 a 1981 ya biyo bayan yajin aiki ne, haka kuma na 2024 bai zo ba sai da ƙungiyoyin ƙwadago suka tsayar da ayyuka a farkon watan Yuni. Amma malamin da ake magana a kansa ba ya cikin waɗannan. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ke nan yaron shago, da direba, da mai gadi, da yarinyar da take aiki a kantin magani, da malamin ƙaramar makaranta, ba su da wata ƙungiya ko doka da za ta faɗi kuɗinsu. Bakinsu ne kaɗai, da lamirin wanda suke yi wa aiki.

To, me ya ɗaure bakin mai bi? Aya ta fari da takan zo masa ita ce ta Luka 3:14, inda Yahaya Maibaftisma ya gargaɗi sojoji su gamsu da albashinsu. An sha karanta wa ma'aikata wannan aya kamar ita ce ƙarshen magana. Amma wanda ya karanta abin da ya gabace ta zai ga inda Yahaya ya dosa. Ya riga ya hana masu karɓar haraji su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, ya kuma hana sojojin ƙwace da ƙage. Cutar da yake magani ita ce ta ma'aikacin da yake cike giɓin albashinsa daga aljihun talaka. Bai ce soja kada ya kai kuka wurin shugabansa ba, cewa ya yi kada ya tare hanya ya tatsi mai wucewa. In an lura, ayar ta fi kama wanda ya yi shiru a gaban ubangidansa amma yake karɓar na goro a bayan idonsa, fiye da wanda ya je ya yi magana a fili.

Akwai kuma misalin ma'aikatan gonar inabi a Matiyu sura 20, waɗanda suka yi gunaguni da yamma aka kuwa tsawata musu. Sai dai su ma ba yunwa ce ta sa su magana ba. Sun yi ciniki da safe a kan dinari guda, an biya su cif, a ranar, ba a ce su dawo gobe ba. Abin da ya ɓata musu rai shi ne ganin an kyautata wa waɗanda suka zo daga baya. Nan ne mai bi ya kamata ya tsaya ya binciki kansa da gaske, gama akwai neman ƙari da yake fitowa daga tukunyar da ba kome a cikinta, akwai kuma wanda yake fitowa daga idon da ya ga maƙwabci ya sayi sabon babur. Na biyun nan shi ne Manzo Bulus ya yi kashedi a kansa a 1 Timoti sura 6, shi ne kuma ya jawo wa Gehazi kuturta sa'ad da ya bi Na'aman da ƙarya. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Ba wanda zai iya raba wa mutum waɗannan biyu daga waje. Shi da Allahnsa ne suka san wanne ke motsa shi, kuma sau da yawa a gauraye suke.

Wadar zuci da Bulus ya koyar a Filibiyawa sura 4 gaskiya ce, daga kurkuku ma ya rubuta ta. Amma mutumin nan da ya koyi zama da ƙoshi da yunwa shi ne ya ƙi fita daga kurkukun Filibi a ɓoye sai mahukunta sun zo da kansu, shi ne kuma ya tuna wa jarumin soja a Urushalima cewa shi ɗan ƙasar Roma ne kafin a sa masa bulala. Wadar zuci ba ta hana shi faɗin hakkinsa ba. Abin da ta yi masa shi ne, ko an ba shi ko an hana shi, salamarsa ba ta tafi.

Labarin da ya fi kama da na malamin Azare shi ne na Yakubu da Laban, domin a can ma zumunci da aiki ne suka cuɗe. Laban kawunsa ne, surukinsa ne, shi ya karɓe shi yana ɗan gudun hijira ba shi da kome sai sanda. Abin mamaki, Laban ne da kansa ya fara cewa dangantaka ba dalili ba ne na a yi masa aiki kyauta. Amma da tafiya ta yi nisa sai ya riƙa juya ladan, har sau goma bisa ga lissafin Yakubu. A Farawa sura 30, bayan haihuwar Yusufu, Yakubu ya tsaya gabansa ya yi magana, kuma yadda ya yi ta abin koyi ne. Ya tuna masa ƙanƙantar garken da ya tarar da yadda ya yalwata a hannunsa, sa'an nan ya tambaye shi yaushe shi ma zai tanada wa nasa gida. Bai zage shi ba, bai kuma yi kamar ba ya bin sa kome ba. Ba duk abin da Yakubu ya yi daga baya ne abin koyi ba. Gudun da ya yi a asirce ya kusa jawo jini. Shekara 20 na haɗiye magana ne suka kai gidan nan ga wannan hali, har 'ya'yan Laban mata suka ce mahaifinsu ya mai da su baƙi.

Shirun da ake ɗauka tawali'u ne ba kullum yake haifar da alheri ba. Malamin da ya kasa magana da dattijo ba ya daina jin zafin. Zafin yakan nemi wata ƙofa. Sai ya fara makara, ya riƙa barin aji yana zuwa acaɓa, ko ya tilasta wa yara darasin yamma na kuɗi a kan abin da ya kamata ya koyar da safe. Sai matarsa ta faɗa wa ƙawarta a zumuntar mata, ƙawar ta faɗa wa wata, har magana ta koma kunnen dattijo a karkace. Sai yara su tashi suna jin ana zagin Baba a gida da dare, ana durƙusa masa a majami'a da safe, su koyi cewa haka addini yake. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ubangiji ya koyar a Matiyu sura 18 cewa mai ƙara a kan ɗan'uwansa ya fara zuwa wurinsa su biyu kaɗai, kuma ba a ga inda aka cire maganar albashi daga wannan ƙa'ida ba. Ga kuma 1 Timoti 5:8, wadda ta ɗora wa mai bi nauyin kula da iyalinsa da kalmomi masu tsanani ƙwarai. Mutumin da ya zaɓi 'ya'yansa su kwana da yunwa don kada ya ji kunya na minti goma, ya kamata ya tambayi kansa ko tawali'u yake karewa ko kuwa fuskarsa.

Yadda za a nema shi ne inda bangaskiya take bayyana. Nehemiya ya ji labarin Urushalima a watan Kisle, bai yi wa sarki magana ba sai a watan Nisan, kusan wata huɗu yana addu'a. Da dama ta samu kuwa ya san abin da zai roƙa: lokaci, da wasiƙu, da katako. Haka ya kamata malamin ya shiga, ba ranar da aka ɓata masa rai ba, ba a ƙofar majami'a a gaban mutane ba, ba kuma ta bakin wani ba. Zai iya cewa, "Baba, ban manta da alherin da ka yi mini ba, ba kuwa zan manta ba. Na zo ne in gaya maka halin da gidana yake ciki, don kada ka ji a bakin wani. Shekara biyar ke nan a kan albashi ɗaya, ajin da na karɓa da yara 20 yanzu sun kusa 40. Ina roƙo a duba." Ya faɗi adadin da yake nema, kada ya bar shi a duhu. Abin da ba zai yi ba shi ne ƙarya. Kada ya ce wata makaranta tana nemansa alhali ba wadda ta neme shi, kada ya ƙirƙiro rashin lafiyar da babu, kada ya taka abokin aikinsa don shi ya hau. Ƙarin da aka samu ta wannan hanya kuɗin Gehazi ne.

Wanda yake aiki a ƙarƙashin wanda ba mai bi ba, kamar yadda masu bi da yawa suke yi a ƙasar Katagum, bai kamata ya ɗauka ƙofa a rufe take ba. Maƙwabta Musulmi ma suna da koyarwa mai ƙarfi a kan sallamar ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba. Abin da zai yi wa mai bi magana a wurin shi ne shaidar shekarunsa: ba a taɓa kama shi da kuɗin shago ba, ba a taɓa nemansa aka rasa ba.

Amma adalci ya wajaba a yi wa dattijon ma. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Mai yiwuwa rabin iyayen yara ba su biya kuɗin zangon da ya wuce ba, in ya ƙara kuɗin makaranta kuma su kwashe 'ya'yansu. Tsadar da ta ci malami ta ci mai makaranta. Ba kowane "babu" ne zalunci ba. Sai dai akwai bambanci tsakanin babu ta gaskiya da babu ta Laban, kuma ba ta da wuyar ganewa. Mai gaskiya zai buɗe littafi ya nuna abin da ya shigo da abin da ya fita, ya faɗi ɗan abin da zai iya yanzu, ya sa ranar da za a sāke zama, ko ya yafe wa malamin kuɗin makarantar 'ya'yansa, ko ya sake shi da wuri wasu ranaku ya je gonarsa. Wanda kuwa ya ce babu alhali ana ɗora sabon bene, ya kuma rufe bakin ma'aikaci da ayar haƙuri, ya sani Littafi Mai Tsarki ya fi yi masa magana fiye da yadda ya yi wa ma'aikacin. Littafin Firistoci 19:13 da Maimaitawar Shari'a 24:14-15 sun hana ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannun mai gona. Irmiya ya la'anci sarkin da ya gina benayensa da aikin da bai biya ba. Malakai ya jera mai danne ladan ma'aikaci tare da masu sihiri da mazinata. Yakubu 5:4 ta nuna ladan da aka riƙe yana da murya, kuma muryar tana isa kunnen Ubangiji. Alherin da dattijo ya yi a baya alheri ne, Allah zai sāka masa, amma in ya mai da shi igiyar ɗaure bakin wanda ya yi wa, ya mai da kyauta ta zama bashi.

Wannan magana ba ta tsallake ikkilisiya ba, a nan ma ta fi zafi. Akwai mai bishara a ƙauye da yake tafiya a keke tsakanin majami'u biyu ko uku, akwai mai gadin harabar ikkilisiya, da mai shara, da malaman makarantar ikkilisiya. In ɗayansu ya yi maganar albashi, amsar da takan fito da sauri ita ce aikin Ubangiji ne, lada yana sama. A 1 Korantiyawa sura 9 Bulus ya kafa hujja doguwa cewa mai aikin bishara yana da hakkin ci daga aikinsa, har ya jawo dokar Musa a kan san da yake sussuka. Bayan ya gama kafa hakkin ne ya ce shi bai mora ba, ya zaɓi ya ɗinka alfarwa ya ci da kansa. Mai hakki ne kaɗai yake da ikon sadaukar da hakkinsa. In kwamitin kuɗi ya sadaukar masa da shi ba da yardarsa ba, wannan ba hadaya ba ce, ƙwace ne da aka sa wa rigar ibada. Majalisar dattawan da take iya tara kuɗin sabbin kujeru da na'urar sauti cikin Lahadi uku, tana iya zama sau ɗaya a shekara ta duba albashin mai gadi tun bai nema ba. Haka kuma uwargidan da ta ɗauko yarinya daga ƙauye tana yi mata aikin gida: ita ma ubangida ce a ma'anar Kolosiyawa 4:1, kuma yarinyar nan ba za ta taɓa iya buɗe baki ta nemi ƙari ba.

Saura tambaya ɗaya da uwargidan malamin za ta yi: in ya nema aka hana fa? Yana da hanya biyu, duka kuwa halal ne. Zai iya zama, in ya ga dalilin gaskiya ne, ya ci gaba da koyarwa da zuciya ɗaya kamar yadda Kolosiyawa sura 3 ta nema, ba ya rage aiki don ramuwa. Zai iya kuma neman wani wuri, ko a makarantun gwamnati, ko a manyan makarantun da suke Azare da Gadau in takardunsa sun kai, ko ya koma sana'a. In zai tafi, ya ba da sanarwa a kan lokaci, kada ya bar yara ana saura mako biyu jarrabawa, ya miƙa rajista da makullai, ya je gidan dattijo da matarsa su yi sallama da rana tsaka. Ranar Lahadi mai zuwa za su sāke haɗuwa a majami'a ɗaya, ƙoƙo ɗaya ne kuma zai zaga ya iso hannun kowannensu.